Takardun lakwal ɗin William Ponty, da darasin da ke ciki game da namu makarantun

  An ce in yi magana a kan yadda ake binciko tarihin makaranta ta hanyar tsofaffin takardunta. Na san wasu daga jin haka za su ce yau kam sai hamma, me ya haɗa mu da takardun da ƙura ta cinye? Ku ɗan yi haƙuri da ni. Zan ɗauki makaranta guda ɗaya, mu bi sawunta tare, sannan mu dawo gida.

Makarantar ita ce William Ponty, a ƙasar Senegal. Kowa a nan ya san sunan Diori Hamani, da Bubu Hama, da Djibo Bakary, da Abdu Mumuni wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Mutanen nan huɗu sun sha bamban a ra'ayi, wasunsu ma sun yi gaba mai tsanani a siyasa, amma dukansu ta ƙofar wannan lakwal suka bi. Haka Houphouët-Boigny na Kodibuwa, da Modibo Keita na Mali, da Hubert Maga na Dahome, da Mamadu Dia da Abdullahi Wade na Senegal. Ashe wanda yake son ya gane yadda aka yi ƙasashenmu suka sami irin shugabannin da suka samu ranar ƴancin kai, dole ya leƙa cikin wannan gida.

Ga tarihinta a taƙaice. An buɗe ta a 1903 a birnin Saint-Louis domin horar da malaman lakwal baƙar fata. A 1913 aka mai da ta tsibirin Gore, gab da Dakar. A 1915 aka sa mata sunan babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa, William Ponty, wanda ya mutu a wannan shekarar. A 1938 aka sake ɗauke ta zuwa Sebikotan, tafiyar kilomita 40 ko kusa da haka daga Dakar, kuma a 1965, bayan ƴancin kai, aka kai ta birnin Thiès. Bayan mushe-mushe, tana fitar da ma'aikatan ofishin gwamnati, tana kuma shirya waɗanda za su wuce makarantar likita ta Dakar da aka buɗe a 1918. Waɗanda suka fito daga cikinta a zamanin Nasara sun kai dubu biyu da ɗoriya. Ku auna wannan adadin da faɗin ƙasa tun daga bakin tekun Senegal har tafkin Cadi, za ku ga ƙanƙantar ƙofar. A cikin wannan ƴar ƙofar ma rabon Nijar ya fi na kusan kowa ƙanƙanta.

To yanzu in kana son sanin abin da ya wakana a cikin gidan, ina za ka dosa? Idan ka je Sebikotan yau, kangaye za ka tarar. Bango ba ya gaya maka wa ya zauna a gindinsa. Tarihin yana cikin takardu, takardun kuma sun watsu wuri-wuri, kowane wuri da irin muryarsa.

Wuri na farko shi ne gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasar Senegal, a Dakar. Da Faransawa za su tafi, takardun babbar gwamnatin Afirka ta Yamma ba a kwashe su zuwa Faransa ba, a Dakar suka zauna, an dai ɗauki hoton wani ɓangare a faifai an ajiye a birnin Aix-en-Provence. An kasa takardun da haruffa. Abin da ya shafi karatu, na farko-farko yana ƙarƙashin harafin J, na baya kuma yana ƙarƙashin O. Rahotannin da gwamnoni ke aikawa lokaci-lokaci suna ƙarƙashin 2G. A irin waɗannan dosiyoyi ake samun dokokin da suka tsara makarantar, da sunayen waɗanda suka ci jarrabawar shiga, da makinsu, da rahoton darakta, da lissafin abinci da tufafi, da maganar horo da kora, da inda aka tura kowa aiki bayan ya gama. Wannan muryar mai mulki ce.

Wuri na biyu shi ne mujallar malamai da Georges Hardy, shugaban harkar karatu na yankin, ya kafa a 1913, wadda daga baya aka sauya mata suna zuwa L'Éducation africaine. A nan ake ganin abin da masu tsara karatun ke faɗa wa junansu a fili game da manufarsu, har da rubuce-rubucen malamai baƙar fata da aka yarda aka buga.

Wuri na uku, wanda ya fi daɗa mini rai, shi ne cibiyar bincike ta IFAN a Dakar. Tun daga 1933, an ɗora wa ɗaliban ajin ƙarshe wani aiki: in ka koma gida hutu, ka yi bincike a kan wani abu na garinku, ka rubuto. Wani a ba shi abinci, wani aure, wani kasuwa, wani magungunan gargajiya, wani makarantar allo, wani wasannin yara. Suka rubuta da hannunsu a cikin kaye, wasu har da zane. Kayen nan sun kusa ɗari takwas, suna nan a ajiye, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin takardun da duniya ke alkintawa. Ku yi tunani: saurayi ɗan shekara goma sha tara ko ashirin, sa'an da yawa daga cikinku, ya zauna gaban kakarsa yana tambayarta yadda ake kaza da kaza, yana rubutawa da harshen da ita ba ta ji, domin wani Bature ya karanta ya ba shi maki.

A nan ne aikin yake, domin samun takarda daban, iya karanta ta daban. Bari in ba ku dabaru huɗu da duk mai wannan aikin yake riƙewa.

Na farko, kafin ka tambayi takarda me ta ce, tambaye ta wa ya rubuta ta, kuma wa ya rubuta wa. Rahoton darakta zuwa ga gwamna rubutun ma'aikaci ne ga ubangidansa. Yana son a ga lakwal na tafiya daidai, ko kuma yana son a ƙara masa kuɗi, sai ya fito da abin da zai taimaki buƙatarsa. In ka ga an rubuta a dosiyen yaro cewa yana da taurin kai ko girman kai, kada ka yi saurin yarda. Ka tambaya: me yaron ya yi da ya sa aka kira shi haka? Sau da yawa wanda Nasara ya kira mai taurin kai, tambaya kawai ya yi. Haka su ma kayen ɗaliban. Yaro ya san wanda zai karanta, ya san makinsa na hannunsa, ya san aikin da zai samu gobe ya rataya a kan wannan makin. In ya rubuta cewa al'adar garinsu duhun kai ce, wataƙila ya yarda da hakan, wataƙila kuma kuɗin shiga ne yake biya domin a bar shi ya rubuta sauran shafuka ashirin da ya cika da sani da ƙaunar mutanensa. Sai ka karanta duka kayen kafin ka yanke masa hukunci. Mai neman abu wurin sarki ba ya zagin fada a bakin ƙofa.

Na biyu, kada ka amince wa rajista ido rufe, ko da ta zo da lambobi a jere ras. A gidan shekarar haihuwa, abin da ake yawan rubutawa shi ne an haife shi wajen shekara kaza, domin lokacin babu takardar haihuwa, kallon yaro ake yi a ƙiyasta, wani lokaci a rage masa shekaru don ya shiga cikin ƙa'ida. A gidan sana'ar uba kuma sai ka ga an sa manomi. To a ƙasarmu wane ne ba manomi ba? Sarki na noma, malami na noma, bawa na noma. Kalmar nan guda ta rufe bambancin da shi ne ma muke nema. Mun sani a wurare da dama, da kwamanda ya nemi sarki ya kawo yara lakwal, sarki ya ɓoye nasa ya miƙa ƴaƴan barorinsa ko na talakawa, domin ana ganin lakwal asarar ɗa ce. Bayan shekara ashirin sai ga waɗancan yaran sun dawo su ne masu alƙalami, su ne ke tsakanin sarki da kwamanda. Wannan babban juyi ne a tarihinmu, amma rajista ba za ta faɗa maka shi kai tsaye ba.

Na uku, ka san taswirar zamanin da kake bincike a kai. Mai neman ƴan Nijar a cikin jerin sunaye zai iya tsallake wasu, domin iyakokin jiya ba na yau ba ne. Nijar ba ta zama koloni mai cin gashin kanta ba sai a 1922, kafin nan yankin soja ce, kuma Damagaram ce hedkwata har 1926. Bubu Hama ɗan Foneko ne a ƙasar Tera, kuma lokacin da yake yaro ɓangarensu na haɗe da Dori, shi ya sa hanyar karatunsa ta bi ta Dori da Wagadugu kafin Gore. Diori kuwa ta Dahome ya bi. Daga 1932 zuwa 1947 ma an rushe Haute-Volta baki ɗaya, aka raba ta, Dori da Fada Ngurma suka dawo cikin Nijar. Ga kuma matsalar suna: yau a rubuta Diori Hamani, gobe Hamani Diori, wani magatakarda ya rubuta yadda kunnensa ya ji. In ba ka san waɗannan ba, sai ka ƙirga mutum ɗaya sau biyu, ko ka ɓatar da shi gaba ɗaya.

Na huɗu, ka kula da inda takarda ta yi shiru. A rajistocin Ponty na wancan zamani ba za ka ga ƴa mace ba. Ƴan mata sai a 1938 aka buɗe musu tasu makarantar horon malamai a Rufisque, inda marubuciya Mariama Ba ta yi karatu. Ba za ka ji muryar uwar da aka ɗauke wa ɗa aka kai shi bakin teku ba. Ba za ka ji hirar da samarin ke yi a ɗakin kwana bayan an kashe fitila ba, alhali a nan ɗan Nijar ya fara sanin ɗan Gine da ɗan Kodibuwa, a nan aka ƙulla abotar da ta zama jam'iyya. A 1946 aka kafa PPN a Yamai da RDA a Bamako, kuma in ka duba waɗanda suka ja gaba, tsofaffin ƴan Ponty ne birjik. Babu daraktan da ya sa wannan a cikin tsarin karatu. Shi ya sa masu binciken da suka yi wa makarantar aiki mai kyau, irin su Peggy Sabatier a shekarun 1970 da Jean-Hervé Jézéquel bayanta, ba su tsaya a dosiye ba, sun bi tsofaffin ɗaliban har gida suna yi musu tambayoyi tun suna da rai. Jézéquel ma ya sa wa aikinsa sunan da ake yi wa malaman laƙabi da shi, wato masu cin alli.

To in an haɗa muryoyin nan, me ake gani? Ana ganin makarantar da aka yi wa rufi da gangan. Diplom ɗin Ponty na nan Afirka ne, ba a daidaita shi da na Faransa ba, ba ya buɗe maka ƙofar jami'a. An zaɓo yaran da suka fi kowa kai a cikin miliyoyin mutane, aka horar da su da tsanani, sannan aka ajiye su a matsayin mataimaka, a ƙarƙashin Baturen da wani lokaci bai kai su sani ba, da albashin da bai kai nasa ba. Ana ganin kuma yadda yaran suka karɓi abin da aka ba su suka yi wani abu daban da shi. Wasan kwaikwayon da wani malaminsu, Charles Béart, ya ƙarfafa a shekarun 1930, wanda har aka kai Paris a 1937 don a nuna nasarar mulkin mallaka, a cikinsa Bernard Dadié na Kodibuwa ya fara rubutu, ya kuma zama ɗaya daga cikin masu sukar mulkin da alƙalami. Bubu Hama ya fito a 1929 a matsayin malamin lakwal na farko ɗan Nijar, ya ƙare rayuwarsa yana tattara tarihin Songai da Zabarmawa da Fulani da Gobir, yana tara littattafan Larabci da ajami waɗanda ke cibiyar IRSH a Yamai har yau. Djibo Bakary ya ce a'a ga De Gaulle a ƙuri'ar 28 ga Satumban 1958. Abdu Mumuni ɗan Tasawa ya fasa rufin, ya kai ƙololuwa a ilimin fizik a Faransa, ya dawo ya yi aiki a kan hasken rana, kuma a 1964 ya fitar da littafi guda a kan ilimi a Afirka inda ya tone irin karatun da aka ba su, ya nemi a koyar da yara da harsunansu.

Ba na ce duka waliyyai ba ne. A cikin ƴan Ponty ɗin nan akwai waɗanda da mulki ya zo hannunsu suka haramta jam'iyyun adawa, suka ɗaure abokan karatunsu, suka riƙe talaka da irin riƙon da suka gani wurin kwamanda. Sawaba an haramta ta a 1959, abin da ya biyo baya kuma iyayenmu sun sani. Amfanin takarda ke nan: tana hana ka yi wa mutum kirari kawai, tana hana ka tsine masa kawai. Tana tilasta ka ka tambayi wace irin makaranta ce ta ƙera shi, me ta koya masa game da iko, me ta koya masa game da mutanen ƙauyensu. Tambayar nan ba ta tsufa ba, domin har gobe yaro na shiga aji da harshen da ba a yi a gidansu, har gobe wanda ya yi lakwal na kallon wanda bai yi ba a kaikaice.

Yanzu mu dawo gida. Muna iya wannan binciken a kan Ponty ne saboda wani ya ajiye takardun. Nasara ya ajiye su don amfanin kansa, amma ya ajiye. Mu fa? A Maraɗi, a Damagaram, a Tawa, a Ƙwanni, a Tasawa, a Dogonduci, akwai lakwal da suka haura shekara sittin, wasu sun girmi ƙasar kanta. Akwai kwaleji da lise da makarantun horon malamai da suka yaye dubban mutane. Ina rajistocinsu na farko? Na shiga wani ɗakin ajiya a wata makaranta, ba zan faɗi sunanta ba domin ba ita kaɗai ba ce, na ga rajistoci a ƙasa cikin buhu, gara ta ci gefe, ruwan damina ya manne sauran. Ba mugunta ba ce. Darakta na fama da yara ɗari a aji guda, ba shi da kabad, ba shi da wanda zai ɗora wa. Amma gara ba ta jiran a sami kuɗi. In rajistar nan ta tafi, sunan ƴa mace ta farko da ta shiga lakwal a garin ya tafi, adadin yaran da suka bar aji a shekarun yunwa na 1973 da 1984 ya tafi, kuma gobe wani zai tashi ya faɗi abin da ya ga dama game da da, ba mai takardar da zai ƙaryata shi.

Abin da nake roƙonku ba ya buƙatar tafiya Dakar. Ku haɗu ku uku ko huɗu, tsofaffin ɗaliban makaranta guda. Ku je wurin darakta da ladabi, da takardar neman izini, in ya ce sai an sanar da na sama da shi, ku bi hanyar. Kada ku fitar da ko warƙa guda daga makarantar, kada ku sake wa takardu tsari, yadda kuka tarar da su a jere shi ma bayani ne. Ku fara da rubuta jerin abin da ke akwai: wace rajista ce, ta wace shekara zuwa wace shekara, shafi nawa, a wane hali take. Sannan ku ɗauki hoton kowane shafi da salula, a inuwa mai haske, tun daga bango har bango, ku sa wa kowane hoto suna da lamba. Ku ajiye a wuri uku daban-daban, ku ba makarantar nata. Ku ɗaga takardun daga ƙasa, ko a kan benci ne, nesa da bango mai ɗanshi, kada ku liƙa musu salatif domin yana cin takarda.

Ku kiyaye amana kuma. A cikin rajistocin nan akwai makin mutane, da horon da aka yi musu, da sirrin gidajensu, da yawansu suna raye ko ƴaƴansu na raye. Ba abin watsawa a Facebook ba ne don a yi dariya. Abin da za ku fitar fili shi ne tarihin makarantar, sirrin mutum kuwa sai da yardarsa.

Bayan takarda, sai baki. A kowace unguwa akwai tsohon mushe da ya yi ritaya, akwai hajiyar da ta yi lakwal lokacin da ake zagin iyayenta a kan haka, akwai tsohon mai gadi da ya ga daraktoci goma sun zo sun wuce. Ku je ku gaishe su, ku ce Baba, Inna, mun zo ku ba mu labarin lakwal. Ku ɗauki muryarsu da izininsu. Ku tafi musu da hoton shafin da sunansu yake, za ku ga abin da takarda ke tayarwa a ƙwaƙwalwar tsoho. Inda bakinsu ya saɓa da rajista, ku rubuta duka biyun, kada ku zaɓi wanda ya fi muku daɗi. Su ma makarantun allo da zaurukan malamai suna da nasu takardun, da silsilar wa ya karantar da wa, wadda ta girmi lakwal nesa ba kusa ba, kuma hanyar aikin ɗaya ce.

Samarin Ponty an tura su gida ne su rubuto labarin mutanensu domin wani ya ba su maki. Ku ba wanda zai ba ku maki, ba wanda za ku ɓoye wa ra'ayinku, kuma kuna iya rubutawa da Hausa ko Zabarmanci ko harshen da kuka ga dama. Hutu na tafe. Kowa ya tuna lakwal ɗin da ya fara shiga, ya je ya tambayi ina rajistarta ta farko take.